Aƙida: kalmar da sojojin baka suka mayar biyayya

Duk daren da sojojin baka suka sayi fili a rediyo, sai ka ji "mu 'yan aƙida ne" har kunnenka ya gaji. Wanda ya bi ubangidansa jam'iyya uku ma haka yake faɗa, wai ai shi bai taɓa sauya gida ba. Wannan biyayya ce. Ba laifi ba ce, amma sunanta daban.

Daga Larabci muka aro aƙida, tushenta ƙulli ne, wato abin da zuciya ta ƙulle a kai. A siyasa kuwa tsayayyen ra'ayi ce kan yadda za a yi mulki da wanda arzikin ƙasa zai amfana, kuma ana iya bayyana ta ba tare da an ambaci sunan kowa ba.

Tambayi dattijo a Ringim ko Sumaila abin da jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu Kano ta sa a gaba tun kafa ta a Kano a 1950, ba zai yi inda-inda ba. Zai ce haraji da jangali da zaluncin 'yan doka. Ya ga lokacin da ake bin haraji bayan kaka, magidanci ya kai akuya ko damin gero kasuwa a saya a wulaƙance don kada a tozarta shi a ƙofar dagaci. Wani ya sulale cin rani. Bafulatani ya kora shanu daji kafin masu ƙidaya su iso. Mabiya Malam Aminu Kano sun sha ɗauri da bulala kan wannan magana, kuma da PRP, jam'iyyarsa da ta gaji NEPU, ta ci Kano a 1979, lokacin Jigawa tana ciki, Gwamna Abubakar Rimi ya soke harajin da jangalin. Manomin da bai taɓa ganin Rimi ido da ido ba ya san abin da ya zaɓa.

Soja suka kifar da farar hula a ƙarshen 1983. A 1989 Babangida ya ƙirƙiro jam'iyyun SDP da NRC, gwamnati ta rubuta musu manufofi, ta gina musu ofisoshi a ƙananan hukumomi. A ganina tun daga nan abin ya lalace, domin ba a raba wa mutane aƙida daga sama. Da mulki ya dawo hannun farar hula a 1999, kowa ya ci gaba da kiran sunan talaka, amma jam'iyya ta zama motar haya.

Shi ya sa yau in ka ce wa ɗan aƙida ya faɗi matsayin gidansu kan kuɗin taki ko filin kiwo, sai ya fara ba ka labarin kyautar maigida.