Nauyin jiki, tsangwama da ciwon damuwa a tsakanin matasa

Ciwon damuwa cuta ce da ke sa mutum baƙin ciki mai ɗorewa na aƙalla mako 2, tare da rashin sha'awar abin da ya saba so da rikicewar barci da cin abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar 'yan shekara 10 zuwa 19 a matsayin matasa masu tasowa, kuma ta ƙiyasta cewa kusan 1 cikin 7 nasu na fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa. A 2022 yara da matasa fiye da miliyan 390 'yan shekara 5 zuwa 19 suna da nauyin da ya wuce kima, miliyan 160 daga cikinsu kuma suna da ƙiba mai yawa.

Nazarce-nazarce da dama sun nuna cewa ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke haɗa ƙiba da damuwa shi ne yadda mutane ke yi wa mai ƙibar. Rahoton UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2019 ya ce kusan ɗalibi 1 cikin 3 yana fuskantar cin zali daga 'yan uwansa ɗalibai, kuma siffar jiki ce dalilin da aka fi ambata. Yaron da ake kira "lukuti" ko "buhun masara" a filin ƙwallo yakan daina fita wasa, ya koma ɗaki yana huce takaici da abinci. Rashin motsi da ƙarancin barci sukan ƙara masa nauyi, nauyin kuma ya ƙara jawo masa zolaya. Damuwar kanta tana iya zama farkon lamarin, domin tana canza yadda mutum ke ci.

A Bauchi da Gombe abin yana da fuska biyu. Al'ada ta daɗe tana kallon ƙiba a matsayin alamar hutu da wadata, musamman ga mata, saboda haka siririyar yarinya ma tana shan nata rabon: a ce mata "tsinke", ko a tambaye ta a gidan biki ko ba a ba ta abinci ne. Wannan ne ke tura wasu 'yan mata sayen magungunan ƙiba irin su "sha ka fashe" a kemis ba tare da takardar likita ba, alhali wasunsu na ɗauke da sitiroid, wani sinadarin magani mai ƙarfi da ke iya haddasa hawan jini da ciwon suga. A makarantun kwana, inda siniyoyi ke da iko kan ƙanana, suna ɗaya na tsiya yakan bi ɗalibi har ya gama makaranta.

Iyaye kan ɗauki shirun matashi a matsayin kunya ko miskilanci, wasu kuma su danganta shi da iska, wanda hakan ke jinkirta neman magani. Ana duba irin waɗannan matsaloli a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. A Janairun 2023 aka sanya hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958.