Teleton: ba kowane taron tara kuɗi ba ne

A Yamai yanzu ko rufin aji iska ta yaye, sai ka ji an ce za a yi "teleton". 'Yan siyasa sun rungumi kalmar, masu gabatar da shirye-shirye sun ɗauka, kuma da an taɓo maganar yara masu cutar daji ita ce ke fara fitowa. A kama zaure, a jera manya a kujerun gaba, mai sanarwa ya ɗaga murya: "Alhaji wane, miliyan biyar!" A tafa, a ɗaga takardar ceki gaban kyamara, a watse kafin magariba. Wannan gidauniya ce, ba laifi ba ne, amma a kira ta da sunanta.

Kalmar haɗin gambiza ce: telebijin da maraton, tseren nan na kilomita 42. Wato shiri ne mai dogon zango da ake kwana ana yi kai tsaye, talaka na bugo waya da jakarsa guda, allo na nuna jimilla kowa na gani. A 1949 ɗan wasan barkwancin Amurka Milton Berle ya shafe awa 16 a telebijin ya tara sama da dala miliyan 1. Kuɗin kuwa na binciken cutar daji ne. Mu kalmar ta Faransa ta iso mana, inda suka fara nasu a Disamban 1987 saboda cututtukan shanyewar tsoka, kuma da kuɗin suka kafa ɗakin bincike na Généthon a 1990.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake cakuɗa kuɗin magani da kuɗin bincike. Uwar da ta taso daga Tawa da yaro muƙamuƙinsa ya kumbura har haƙora na girgiɗi, magani take nema yau, da kuɗin mota, da wurin kwana. Dole a ba ta. Sai dai wannan kumburin, wanda nau'in cutar daji ne, da likita Denis Burkitt bai zauna ya bi diddiginsa a Yuganda ba a 1958, da ba a san shi da suna ba, balle a gano yana jin magani sosai in an kama shi da wuri. Daga ƙwayoyin wannan cutar ne ma aka gano ƙwayar cutar da ake kira Epstein-Barr a 1964. Bincike ke nan: aikin shekaru, ba hoton da za a ɗauka, shi ya sa ba ya burge mai neman ƙuri'a.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara kusan 400,000 ke kamuwa da cutar daji duk shekara. A ƙasashe masu arziki sama da kashi 80 cikin 100 na warkewa, a yawancin matalauta ba a kai 30 ba, kuma burinta a kai 60 nan da 2030. Ba a rufe wannan tazarar sai an san yara nawa ke zuwa a makare, nawa ke barin magani a tsakiya, me ya kore su. Wannan ma bincike ne, kuma rajista da ma'aikaci yake ci, ba na'urar biliyoyi ba.

Ranar 15 ga Fabrairu, ranar yara masu cutar daji ta duniya, za a sake kiran taro. In an ce maka teleton ne, tambayi mai shirin kaso nawa ne na magani, nawa na bincike, kuma yaushe za a karanta lissafin alkawuran da aka cika.