Kiwon shanu bayan tuƙin jirgin soja

Kiwon shanu yana daga cikin sana'o'in da hafsoshin sojan Najeriya suka saba runguma idan sun tuɓe kaki. A wajen matuƙin jirgin sama, hanyar takan bi zango uku: shekarun tashi sama, sai aikin manajanci a wani kamfani, sannan garke. Wanda zangonsa na biyu ya zaunar da shi a Legas yakan tarar da kasuwar nama mafi girma a ƙasar, amma a wurin da ƙasa da yanayi da doka ba su yarda da irin kiwon da ya tashi ya gani a Arewa ba. Abin da ke tafiya a nan shi ne kiwon turke, wato a sayo bijimai ramammu, a ɗaure su wata uku zuwa huɗu ana ciyarwa, a sayar.

Asali

An kafa rundunar sojan saman Najeriya da doka a watan Afrilun 1964, kuma ƙwararrun Jamus ta Yamma ne suka taimaka wajen ɗora ta. Cikin samarin farko da aka tura Jamus koyon tuƙi akwai Abdulsalami Abubakar, wanda ya koma rundunar ƙasa a 1966, ya shugabanci Najeriya daga 1998 zuwa 1999, daga baya kuma aka san shi da gonar Maizube kusa da Minna, inda ake kiwon shanun madara. Olusegun Obasanjo ya koma gonarsa ta Ota bayan miƙa mulki a 1979. Murtala Nyako, tsohon shugaban sojan ruwa, ya yi suna da gonar Sebore a Mayo-Belwa. Waɗannan manyan gonaki ne masu jari mai kauri. Hafsan da ba shi da komai sai garatuti da fansho ba nan ya kamata ya ɗauki ma'auni ba.

Horon tashi na farko a Kaduna ake yinsa, na jiragen jet kuma a Kano. Legas ta daɗe da alaƙa da rundunar: nan hedikwatarta take kafin a koma Abuja, kuma a sansanin Ikeja ake ajiye manyan jiragen dakon kaya samfurin C-130. A Oshodi kuma akwai cibiyar da ke koya wa sojojin da ke dab da ritaya sana'o'i, har da noma da kiwo.

Zangon ofis

Ba kowane matuƙi ne ke tashi har ranar ritayarsa ba. Gwajin lafiya na lokaci-lokaci yakan sauko da mutum saboda ido ko hawan jini, ƙarin girma kuma yakan mayar da shi bayan tebur. Wanda ya fita yana son ci gaba da tuƙi sai ya nemi lasisin farar hula, inda babban lasisin jigilar fasinja ke buƙatar awa 1,500 a sama, kuma ƙa'idar duniya ta tsayar da matuƙi daga jigilar ƙasa da ƙasa idan ya cika shekara 65. Saura sukan shiga sashen gudanar da zirga-zirga, ko kiyaye haɗari, ko sayen kayayyaki, a kamfanonin da ke kewayen filin jirgin Murtala Muhammed da tashar ruwa ta Apapa. A nan ake koyon lissafin riba da faɗuwa, abin da bariki ba ta koyarwa.

Abin da Legas ta yarda da shi

Legas ce jiha mafi ƙanƙantar ƙasa a Najeriya, kuma a watan Satumban 2021 gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sa hannu a dokar hana yawo da shanu kiwo a fili. Jihar Ogun ma ta yi irin wannan doka a shekarar. Saboda haka dabba a killace za ta zauna, abinci ya same ta inda take.

Filin da ya saura yana wajen Epe da Ikorodu da Badagiri, ko a tsallaka Ogun. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa fili a hannun gwamna, don haka rasit ɗin dangin masu ƙasa kaɗai bai isa ba. A sa safiyo ya auna, a bincika ko gwamnati ta riga ta karɓe wurin, a nemi takardar mallaka ko amincewar gwamna kafin a kafa ginshiƙi. Mai farawa, haya ta fi masa sauƙi.

Ruwan saman Legas ya haura milimita 1,500 a shekara, ya fi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Turke yana son tudu. A yi daɓen siminti mai kaushi, mai ɗan gangare zuwa kwata, domin mai santsi yana sa dabba ta zame ta faɗi. Kowane bijimi a ba shi murabba'in mita 4 zuwa 5 a ƙarƙashin rumfa, da kamar santimita 70 a bakin komi. Rufin ya yi sama, gefe a buɗe. Dabba a Legas ta fi buƙatar iska a kan katanga.

Saye

A wajen saye ake cin riba ko a zubar da ita, tun sa bai ɗanɗana dusa ba. Bunaji, farin sa mai baƙin kunne, ya fi jure kudu cikin shanun Arewa. Bokolo na Sakkwato da Gudalin Adamawa suna saurin ɗaukar nama, masu yankan biki kuma suna son cikarsu. Rahaji, jan sa mai dogon ƙaho, yana da girman ƙashi amma ba ya son ɗauri, yana jinkirin cika. Muturu da Ndama da Keteku suna jure sammore, cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa, sai dai ƙanana ne, kasuwarsu daban.

Ana neman bijimi mai shekara biyu da rabi zuwa huɗu, mai faɗin ƙirji da dogon jiki, wanda yunwa ce ta ramar da shi, ba ciwo ba. Baki ake buɗewa: manyan haƙora biyu a gaban muƙamuƙin ƙasa alamar ya haura shekara biyu ne, huɗu ya kai wajen uku, takwas kuwa ya gama girma, abincin da zai ci kitse zai zama. Hanci ya kasance da danshi, ido garau, ba tari, ba kumburi a ƙarƙashin haɓa. Mai nufin kasuwar layya ya tuna a mazhabar Malikiyya sai sa ya cika shekara uku ya shiga ta huɗu, ko da yake wasu mazhabobin sun wadatu da biyu.

Inda babu sikeli, tef ya wadatar. A auna kewayen ƙirji dab da bayan ƙafafun gaba, a auna tsawo daga kafaɗa zuwa ƙashin gindin wutsiya, duka da santimita. A ninka kewayen da kansa, a ninka da tsawon, a raba da 10,840. Sa mai kewaye 150 da tsawo 120 zai ba da kilo 249 ko kusa da haka. Kiyasi ne, amma da shi ake auna magani da abinci.

Kasuwannin Potiskum da Maigatari da Mubi da Wudil sun fi araha, amma tsakanin Kano da Legas akwai kusan kilomita 1,000, dabba tana tsaye a tirela cikin rana da ƙishirwa, ga kuɗin hanya. Sayen kasuwar Kara, a bakin kogin Ogun kan hanyar Ibadan, ko na Oko-Oba a Agege, ya fi tsada, amma mai saye yana ganin abin da tafiya ta bari. Mai sa goma ya saya a nan. Mai cika tirela ne Arewa ke yi wa rana.

Mako biyun farko

Sabon zuwa ba a haɗa shi da na gida sai ya yi kwana 14 zuwa 21 a keɓe. Ranar farko ruwa da busasshiyar ciyawa kawai. Bayan ya huta, a ba shi maganin tsutsa: albendazole miligiram 10 a kowane kilo yana kashe tsutsar ciki da balagaggiyar tsutsar hanta, ivermectin kuma mililita 1 a kowane kilo 50 a ƙarƙashin fata, don kaska da ƙwarƙwata. Rigakafin ciwon huhu da na harbin daji cibiyar binciken dabbobi ta Vom ce ke yinsu. Likitan dabbobi ne zai yi, kuma allurar da ta fita daga sanyi ta lalace ko da kwalbar a rufe take.

Kuskuren da ya fi kashe sa a wannan lokaci na mai zumuɗi ne. Dabbar da ta saba da ciyawar daji, aka cika mata komi da dusa, sai tumbinta ya yi tsami: ta daina tuƙa, ta yi zawo mai kumfa, ta riƙa ɗingishi, wata ta kwanta ke nan. A fara da kilo 1 a yini, a riƙa ƙara rabin kilo duk bayan kwana biyu ko uku.

Abinci

Sa yana cin busasshen abinci kashi 2.5 zuwa 3 cikin ɗari na nauyinsa kullum. Mai kilo 250 ke nan yana buƙatar kilo 6 zuwa 7 da rabi. Idan ya saba, kamar kilo 4 su zama haɗi, sauran harawa ko ciyawa. Ɗanyar ciyawar giwa yawancinta ruwa ne, sai an ba da kilo 4 zuwa 5 kafin ta maye gurbin kilo 1 na busasshiya. Ruwan sha lita 30 zuwa 50 a yini, kuma rijiyoyin da ke kusa da gaɓar teku wasu da zartsi, a gwada kafin a dogara da su.

A fannin dusa Legas ta fi Arewa gata. Dusar alkama daga injinan fulawa na Apapa take fitowa, tunkuzar ƙwarar manja ta kudu ce, ɓawon rogo kuma yana jibge wajen masu garin kwaki. Haɗin da ke aiki: a cikin kilo 100, dusar alkama ko ta masara 55, tunkuzar ƙwara 25, tunkuzar auduga ko ƙuli-ƙuli 17, garin ƙashi ko farar ƙasa 2, gishiri 1. Ɓawon rogo sai an shanya shi ya bushe ƙayau, ɗanyensa yana da guba. Dusar kamfanin giya tana da araha da gina jiki, amma jiƙaƙƙiya ce, tana ruɓewa cikin 'yan kwanaki, kuma wasu masu kiwon suna ƙyamarta saboda inda ta fito. Harawar wake da ta gyaɗa daga Arewa ake kawo su, da tsada. A saye su da kaka, a jera a kan katako nesa da bango, domin danshin Legas yana sa musu funfuna, abinci mai funfuna kuma yana lalata hanta.

Da irin wannan ciyarwa sa mai lafiya yana ƙara rabin kilo zuwa kilo 1 a yini. Bayan kwana 90 zuwa 120 ƙarin yakan ja baya, cin kuwa bai ragu ba. Duk ranar da aka ƙara daga nan, daga riba ake ciyar da shi.

Cututtukan kudu

Sammore, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, shi ya hana shanun Arewa zama a kurmi tun da can. Alamarsa rama duk da ana ci, zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, dasashi fari, hawaye. Diminazene, wanda aka fi sani da Berenil, miligiram 3.5 a kowane kilo ake yi don magani, isometamidium kuma don kariya ta wasu makonni. Yawan yin allurar da ba ta cika awo ba ya sa cutar ta fara ƙin jin magani a wurare da dama, wannan ne ya sa tef ɗin nan yake da muhimmanci.

Kirci, ciwon fata, da damina yake tashi, inda fata ba ta bushewa kuma kaska ta huda ta. Ruɓewar kofato daga tsayuwa cikin caɓi take. Duka biyun, kwashe kashi kullum da busasshen daɓe sun fi kowace allura. Ɓauru, ciwon baki da kofato, da sabuwar dabba yake shigowa ko a takalmin dillali. Kowane magani yana da kwanakin da za a jira kafin yanka, suna rubuce a jikin kwalba, na ivermectin ya haura wata guda.

A nan tarbiyyar matuƙi take da amfani. Mutumin da ya saba ba ya tashi sai ya bi takardar dubawa layi-layi, kuma yana rubuta kowace awa a littafi, ba zai ga wahalar sa wa kowane sa lamba a kunne da rubuta awonsa duk mako biyu ba. Inda takan gaza shi ne wajen mutane. Makiyayi ba kurtu ba ne. Bafulatanin da ya tashi cikin shanu yana gane sa mara lafiya daga yadda ya saki kunne, kwana guda kafin ma'aunin zafi ya nuna, kuma in an yi masa tsawa a gaban yara, da safe sai a tarar ya ɗaure kayansa. Masu kiwon da suka daɗe sukan haɗa masa albashi da wani kaso a kan kowane san da ya kai kasuwa lafiya.

Sayarwa

Cinikin shanu a Legas ta hannun dillali da fatoma, wato mai masaukin fatake, yake bi, kuma Hausawan Agege sun daɗe a cikinsa, tun zamanin fataucin goro da jirgin ƙasan da ya haɗa Legas da Kano a 1912. Da ido ake ciniki, ba da sikeli ba. Mahauci yana lissafin naman da zai fita, kusan rabin nauyin dabbar, ya ɗora kai da ƙafa da kayan ciki da fata, wadda a nan ganda ce mai kuɗi. Mahauta da yawa bashi suke ɗauka su biya bayan sun sayar, fatoma ne ke tsaya musu. Baƙon da ya tsallake fatoma don gudun la'ada, ya ba da sa bashi da kansa, ba shi da wanda zai kai wa ƙara a kara.

Farashi yakan tashi da Babbar Sallah, da Kirsimeti da sabuwar shekara, sai bukukuwan aure da na binne mamaci da Yarbawa ke yanka shanu a cikinsu kusan kowane ƙarshen mako. Masu irin wannan biki sukan zo har turke su biya kuɗi hannu, kuma su ne cinikin da ya fi wa ƙaramin mai kiwo. Mai nufin Sallah ya ƙirga kwana 120 baya daga ranar don sanin lokacin saye, yana tuna cewa tana matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara. Shekarun da ta faɗo tsakiyar damina, sai a rage yawan shanun a ƙara kuɗin magani a lissafi.