Ikon ganin dacewa na alƙali a kotunan arewacin Kamaru

Ikon ganin dacewa shi ne damar da doka ke bar wa alƙali ya auna al'amari da hankalinsa, ya zaɓi hukuncin da ya dace a inda ba ta ɗaure masa hannu ba. A Garwa, Marwa da Ngaundere, inda ake bin tsarin shari'a irin na Faransa, ikon ya fi ƙarfi wajen auna hujja, ƙayyade diyya da jinkirta biyan bashi. Wajen karɓar ɗaukaka ƙara kuwa ɗan kaɗan ne.

Tarihi

Tun bayan kafuwar masarautar Adamawa a hannun Modibbo Adama wajen 1809, alƙalan lamidai ke hukunci da fiƙihun Malikiyya. Rabon gado da haddi ƙayyadaddu ne, ba a taɓa su. Amma ta'aziri, wato horon laifin da ba shi da ƙayyadadden haddi, da yawan ciyarwar da miji zai bayar, da tantance adalcin shaidu, an bar wa ijtihadin alƙali. Wanda bai gamsu ba yakan kai kuka fadar lamido, shi kuma yana iya saurara ko ya mayar da shi gaban alƙalin.

Jamusawa sun ci yankin a 1901 zuwa 1902, ba su taɓa wannan tsari sosai ba. Faransawa da suka gaje su bayan 1916 sun kafa kotunan 'yan ƙasa, jami'in mulki na shugabanta, dattawa masana al'ada na zaune gefensa. Ragowar wannan tsari na nan a dokar 19 ga Disamba 1969 kan kotunan gargajiya. Ƙarƙashinta wanda aka yi ƙara yana iya ƙin kotun gargajiya, muddin ya faɗa tun kafin ya shiga kare kansa, sai a koma kotun zamani. Alƙali kuma yakan ƙi aiki da al'adar da ya ga ta saɓa wa tsarin ƙasa, abin da ya fi tasowa a gadon mata da zawarawa. Har yau ana saɓani kan ko fiƙihu “al'ada” ne a idon doka.

Matakin farko

Dokar tsarin kotuna ta 29 ga Disamba 2006 ta raba hurumi da yawan kuɗi: abin da bai wuce sefa miliyan 10 ba na kotun matakin farko ne, abin da ya haura na babbar kotu. Nan alƙali ba shi da zaɓi. Zaɓinsa na cikin shari'ar ne: wane shaida zai gaskata, ko a kira ƙwararre ya kiyasta ɓarnar da shanu suka yi a gonar auduga, da nawa za a biya.

A harkar bashi, sashe na 39 na dokar karɓar bashi ta OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci na wasu ƙasashen Afirka, ya ba shi damar jinkirta biya ko rarraba shi, har tsawon shekara ɗaya, bayan ya duba halin wanda ake bi da buƙatar mai bin. Bashin ciyarwa da na takardun biya na kasuwanci ba sa cikin wannan rangwame. Ɗan kasuwar da ya zo da baki kawai, ba takardar da ke nuna karayar jarinsa, da wuya ya samu.

Ɗaukaka ƙara

Kowace jiha tana da kotun ɗaukaka ƙara ɗaya. Ɗaukakawa haƙƙi ne, ba a neman izini tukuna kamar yadda ake yi a wasu shari'o'in Najeriya. Abin da ke kayar da mutane shi ne wucewar wa'adi da rashin ajiye kuɗin kotu. Idan ƙarar ta shiga, kotun takan sake duba hujja da doka baki ɗaya, amma kan abin da aka ɗaukaka kaɗai.

A ƙa'ida ɗaukakawa na tsayar da zartar da hukunci, sai in alƙalin farko ya ba da umarnin zartarwa nan take. A nan wanda aka kayar yakan roƙi kotun ɗaukaka ƙara ta dakatar, bisa dokar 14 ga Agusta 1992, kafin a zo kama kayan shagonsa.

Kotun ƙoli

Kotun ƙoli da ke Yawunde ba ta sake auna shaidu ko yawan diyya. Tana duba ko an bi doka, da ko alƙali ya bayyana dalilansa. Hukuncin da ba dalili a cikinsa rusasshe ne. Shari'o'in da suka shafi dokokin OHADA kuwa kotun haɗin gwiwa ta ƙungiyar da ke Abijan ake kai su cikin wata biyu bayan an isar da hukuncin, kuma in ta rusa hukunci ita ke yanke maganar da kanta.