Fadojin Kwarin Luwar a Faransa: Wa Ya Gina Su, Me Ya Mayar da Wasu Otal?

Mene ne shato?

Haka Faransawa ke kiran katafaren gidan sarki ko na basarake da ke karkara. Da fari don yaƙi ake gina su, da katanga mai kauri da gwalalo a kewaye. A ƙarni na 16 sarakuna suka koma gina su don ado da nuna isa, katanga ta koma manyan tagogi. Waɗanda suka fi suna suna kwarin kogin Luwar, wanda hukumar Unesco ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2000.

Wanne ya fi girma?

Shambor. Sarki Faransuwa na Ɗaya ne ya fara gina shi a 1519 don ya riƙa sauka idan ya fita farauta. Ɗakunansa sun haura 400, muraren ɗumama ɗaki 282, kuma katangar da ta zagaye dajinsa ta kai kilomita 32. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne matakalar da ke tsakiyar gidan: matakala biyu ne a naɗe da juna kamar tufkar igiya. Mutum biyu za su hau lokaci guda, suna hango juna ta ƴan kafofi, amma ba za su haɗu ba. Masana da yawa na ganin hikimar Leonardo da Vinci ce, shahararren mai zane ɗan Italiya, wanda ya rasu a garin Ambuwaz a shekarar da aka fara ginin.

Duk da wannan wahala, ƴan makonni kawai sarkin ya kwana a ciki duk tsawon mulkinsa.

Shenonso fa, me ya bambanta shi?

A kan kogin Sher yake zaune, ruwa na wucewa ta ƙarƙashinsa. Sarki Henri na Biyu ya ba wa farkarsa Diane de Poitiers shi a 1547, ita ta gina gadar da ta ƙetare kogin. Da ya mutu a 1559, matarsa Catherine de Medici ta karɓe gidan, ta ɗora doguwar barandar mita 60 a kan gadar.

Wannan baranda ta yi wa talakawa rana. A Yaƙin Duniya na Ɗaya ta zama asibitin sojoji. A na Biyu kuwa, kogin ne iyaka tsakanin yankin da Jamus ta mamaye da wanda ba ta mamaye ba, sai mutane suka riƙa shiga ta ƙofa ɗaya su fita ta ɗayar su tsira. A ganina, wannan ya fi duk zanen bangon gidan daraja.

Me ya sa wasu suka zama otal?

Kuɗin kulawa. Rufi kaɗai yana iya cinye dukiyar iyali, ga ɗumama ɗakuna lokacin sanyi, ga lambu. Masu gidajen sai suka buɗe ƙofa ga baƙi masu biya. Ƙungiyar Relais & Châteaux, da ta samo asali a 1954, ta tattara irin waɗannan masaukai da dama. Shato d'Artigny, wanda attajirin turare François Coty ya gina kusa da birnin Tur, daga baya ya zama otal.

Ana iya kwana a cikin Shambor ko Shenonso?

Cikin fadar kanta, a'a, ziyara ake kai musu da rana. Shambor na hannun gwamnati tun 1930, Shenonso kuma na iyalin Menier, waɗanda suka yi suna a sana'ar cakulan, tun 1913. Mai son kwana a harabar fadar sarki sai ya nufi fadar Basai (Versailles) kusa da Faris, inda aka buɗe otal ɗin Le Grand Contrôle a 2021, amma kuɗin dare ɗaya sai mai hannu da shuni.