Waiwaye: yadda horon 'yan mishan ya sauya a ƙasar Maraɗi

Ƙungiyar 'yan mishan Kirista ta SIM (Sudan Interior Mission), wadda ta daɗe tana aikin bishara a ƙasar Maraɗi, ta samo asali ne a 1893, lokacin da samari uku, Rowland Bingham da Walter Gowans da Thomas Kent, suka sauka Legas da niyyar kutsawa arewa. Himma suke da ita, amma ba su da shirin fuskantar cututtukan ƙasar, kuma a 1894 Gowans da Kent suka rasu. Sai a 1924 ƙungiyar ta shigo Nijar ta Damagaram, daga baya ta kafa tasha a Tsibiri, kusa da Maraɗi.

Da yawa daga cikin 'yan mishan na wancan zamani sun fito ne daga makarantun Littafi Mai Tsarki na Amurka da Kanada, irin su Moody da ke Cikago, inda aka fi ba da ƙarfi ga wa'azi. Sun koyi Hausa sosai, kuma fitowar cikakkiyar fassarar Littafi Mai Tsarki a 1932 ta sauƙaƙa musu aiki. Sai dai gwamnatin mulkin mallaka ta shar'anta koyarwa da Faransanci, su kuwa masu Ingilishi ne, saboda haka ba su yi nisa a ilimin boko ba, abin da ya rage wa 'ya'yan Kiristocin farko damar shiga aikin gwamnati. Bayan buɗe asibitin Galmi a 1950 da cibiyar kula da masu kuturta ta Danja a 1956, ya zama dole a nemo likitoci da ma'aikatan jinya masu takardar shaida.

A ganina, labarin Tony Rinaudo ne ya fi nuna amfanin wannan horo da kuma iyakarsa. Ɗan Ostareliya ne da ya karanta aikin gona a jami'a, ya ƙara da karatun Littafi Mai Tsarki, sannan ya iso Maraɗi a ƙarƙashin SIM a farkon shekarun 1980. Abin da aka saba yi shi ne reno da dashen itatuwa, kuma mafi yawansu fari da awaki da iska suka kashe. A 1983, ya tsaya a hanya domin rage iskar tayoyin motarsa saboda yashi, sai ya lura cewa ƙananan tsirran da ke gonaki toho ne na kututturen itatuwan da aka sare, saiwoyinsu kuma suna nan da rai. Aikin shi ne a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi, a datse sauran, a bar su su girma.

Manoma ba su karɓa nan take ba, domin a wurinsu gona mai tsabta ita ce shaidar manomin kirki. Yunwar 1984 ce ta sa aka haɗa dabarar da rabon abinci, kuma da rabon ya ƙare da yawa suka sake sare itatuwan. Waɗanda suka bar nasu suka samu itacen girki da abincin dabbobi, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Manoman ne da kansu suka yaɗa wannan dabara da ake kira sassabin zamani, har aka ƙiyasta cewa ta kai hekta miliyan 5 a Nijar.