Daga zakarun bincike na Redmond zuwa masu koke a Mountain View

A watan Oktoban 2004 kamfanin Microsoft ya gayyaci mutane kimanin talatin zuwa hedikwatarsa da ke Redmond, kusa da birnin Seattle a jihar Washington ta Amurka. Ba ma'aikatansa ba ne. Akwai masu rubutun bulog, wato shafukan intanet na ƙashin kai da mutum ke rubutu a kai a kai, akwai ma'aikatan ɗakunan karatu, akwai malaman jami'a, da kuma mutanen da sha'awar kwamfuta ta hana su barci. Ya raɗa musu suna Search Champs, wato zakarun bincike. Ya ɗauki nauyin zuwansu, ya sa su sa hannu a takardar riƙe sirri, sannan ya nuna musu injin binciken da yake ginawa, wanda duniya ba ta gani ba tukuna, ya ce su faɗi abin da suka gani.

Abin tambaya shi ne me ya sa kamfanin da ya fi kowa ƙarfi a harkar manhajar kwamfuta a lokacin zai nemi shawarar mutanen da wasunsu daga ɗakin kwanansu suke rubutu.

Amsar farko tana cikin halin da Microsoft ya tsinci kansa. Tun 1998 yake da shafin bincike mai suna MSN Search, amma kayan cikinsa na aro ne. Wani kamfani mai suna Inktomi ne ke samar masa da sakamakon bincike, tallace-tallacen da ke fitowa a gefe kuma daga Overture suke zuwa. A 2003 Yahoo ya saye su duka biyun: Inktomi a kan dala miliyan 235, Overture kuma a kan fiye da dala biliyan 1.6. Microsoft ya wayi gari yana haya a gidan abokin hamayyarsa. Kayan aro ba ya rufe katara. A watan Fabrairun 2004 Yahoo ya daina amfani da sakamakon Google ya koma kan nasa injin, a watan Agusta kuma Google ya shiga kasuwar hannun jari a kan dala 85 kowane hannu. Kowa ya gane cewa akwai kuɗi mai yawa a cikin akwatin nan da mutane ke rubuta tambayoyinsu, kuma Microsoft ne ya makara.

Amsa ta biyu ta fi jan hankalina, don ita ce ta bayyana dalilin da ya sa masu bulog aka kira. Abin da ya ɗaga Google sama da AltaVista da sauran injinan binciken da suka riga shi shi ne yadda yake ƙirga mahaɗai, wato wuraren da ake dannawa a wani shafi su kai mutum wani shafin. Idan shafuka da yawa suka yi nuni zuwa wani shafi, sai injin ya ɗauka cewa wannan shafi na da daraja, ya ɗora shi a sama. To, a farkon shekarun 2000 babu masu zuba mahaɗai kullum kamar masu bulog. Dandalin rubuta bulog na Blogger ya fito a 1999, Google ya saye shi a Fabrairun 2003, takwaransa WordPress kuma ya fito a wannan shekarar. Ƙarfin da ke hannun waɗannan marubuta ya fito fili a ƙarshen 2003, lokacin da wasu suka haɗa baki suka riƙa liƙa wata jimlar Turanci mai ma'anar "mummunar gazawa" a kan mahaɗin da ke kaiwa ga tarihin Shugaba George W. Bush a shafin fadar White House, har ya zama duk wanda ya rubuta jimlar a Google, shafin shugaban ne zai fara gani. Mutanen da za su iya juya shafin matambayi ba ya ɓata haka, sun san cikinsa fiye da yawancin masu amfani da shi. Kuma idan suka yaba abu ko suka kushe shi, 'yan jarida na karantawa.

Ga kuma batun suna. Microsoft bai daɗe da fitowa daga shari'ar babakere da gwamnatin Amurka ba, inda a 2000 alƙali ya ba da umarnin a raba kamfanin biyu, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta soke umarnin a 2001. Masu sha'awar fasaha da yawa ba sa ganinsa da gashi. Robert Scoble, wanda ya shiga kamfanin a 2003 yana rubutu a fili yana kuma sukar kayan gidansu idan ta kama, ya nuna wa shugabanninsa cewa magana da mutane kai tsaye na wanke ƙazantar suna. Kamfanin ma yana da tsohuwar al'adar karrama masu taimaka wa jama'a da amsa tambayoyi a kan manhajojinsa, shirin da ya faro tun 1993. Taron zakarun bincike daga wannan jijiya ya tsiro.

Tun daga zaman farko matsalolin irin wannan shawara suka bayyana. Mutumin da sana'arsa ita ce faɗar abin da ya gani, an nuna masa abu an kuma ɗaure masa baki. Mai karatunsa ya san ya je Redmond, ya san an biya masa kuɗin jirgi da masauki, amma ba zai ji abin da aka tattauna ba. Duk abin da ya rubuta a kan kamfanin bayan haka, akwai mai cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Masu gaskiya a cikinsu sun riƙa bayyana wa masu karatu cewa kamfanin ne ya ɗauki nauyinsu, kuma a ganina wannan shi ne mafi ƙarancin abin da ya wajaba a kansu. Sai matsalar waɗanda aka zaɓa. A zaman farko mace ɗaya ce kacal a cikin waɗanda aka gayyata, wata malamar jami'a daga jihar New York, kuma ta fito ta yi magana a kai. Wannan ba ƙaramin aibi ba ne ga taron da aka shirya don sanin yadda mutane ke neman bayani. Kayan aikin da ɗaruruwan miliyoyin mutane za su yi amfani da shi, maza da mata, yara da tsofaffi, masu harsuna barkatai, an kai shi gaban mutanen da kusan duk kamarsu ɗaya, kuma duk ƙwararru ne. Ƙwararre yana son maɓallai da zaɓuɓɓuka. Mai neman maganin ciwon kan ɗansa kalma biyu yake rubutawa ya danna na farko.

A watan Nuwamban 2004 aka saki nau'in gwaji na sabon injin, da rumbun shafuka kimanin biliyan 5. A daidai lokacin Google ya sanar cewa nasa rumbun ya kai biliyan 8. Ranar 1 ga Fabrairun 2005 aka ƙaddamar da MSN Search na gida. Yana da abubuwan da ke faranta ran ƙwararru, kamar damar daidaita sakamako gwargwadon sabuntar shafi ko shahararsa, da damar bin sakamakon wata tambaya ta hanyar RSS, wato tsarin da ke kawo wa mutum sababbin abubuwan shafi da kansa. A watan Janairun shekarar, Google da Yahoo da MSN suka amince da wata alama mai suna nofollow, wadda ke gaya wa injin bincike kada ya ba wani mahaɗi daraja, don maganin masu cika shafukan mutane da tallan banza. Wannan abu ne da marubutan suka daɗe suna kuka a kai, kuma ya nuna cewa kukansu na isa kunnen kamfanoni a wancan zamani.

An ci gaba da kiran taron, kuma na huɗu ya zo a Janairun 2006, inda aka sanar da kafa sashen nazarin fasaha na Microsoft mai suna Live Labs ƙarƙashin Gary Flake. Amma labarin da ya cika wannan watan daban ne. Ta bayyana cewa ma'aikatar shari'ar Amurka ta nemi manyan injinan bincike su miƙa mata bayanan abin da mutane ke nema, domin kare wata dokar 1998 ta kiyaye yara a intanet. Microsoft da Yahoo da kamfanin intanet na AOL sun ba da wani abu daga ciki, Google ya ƙi, aka tafi kotu. A watan Maris alƙali ya ce Google ya miƙa adireshin shafuka 50,000, amma ban da tambayoyin mutane. Microsoft ya ce bai ba da bayanan da za su tona ko wane ne wani ba. Watanni kaɗan bayan haka, a Agusta, AOL ya saki tambayoyi kimanin miliyan 20 na mutane fiye da 650,000 da sunan taimaka wa masu nazari, ya maye sunaye da lambobi, amma 'yan jaridar New York Times suka gano wata mata daga abin da take nema kawai. A nan nake ganin amfanin mai ba da shawara daga waje. Injiniyan cikin gida yana tambayar ko sakamakon ya yi daidai. Na waje shi ne zai tambayi ina ake ajiye abin da na rubuta, wa zai iya karɓarsa, har tsawon yaushe. Kamfani ba ya gayyatar mutane don su yi masa irin wannan tambaya, amma ita ce ta fi kowace tsada.

A ƙarshen 2006 zargin sayen baki ya ƙara ƙarfi, lokacin da Microsoft da AMD, mai ƙera kayan cikin kwamfuta, suka aika wa wasu masu bulog kwamfutocin Acer Ferrari masu tsada ɗauke da sabuwar manhajar Windows Vista. Surutu ya yi yawa har wasu suka mayar ko suka kyautar. A 2009 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta sabunta ƙa'idojinta, ta ce duk wanda ya yaba kaya alhali an ba shi kuɗi ko kyauta, dole ya bayyana.

Shi kuwa injin, ya yi ta sauya riga: Windows Live Search a 2006, Live Search a 2007, Bing a 2009. A 2008 Microsoft ya yi tayin sayen Yahoo a kan dala biliyan 44.6, cinikin bai faɗa ba, daga baya suka ƙulla yarjejeniyar da ta sa Bing ya zama mai samar wa Yahoo sakamako. Duk da haka Google bai gusa ba. Dalilin ya fito ƙarara a hukuncin da Alƙali Amit Mehta ya yanke ranar 5 ga Agustan 2024, cewa Google ya yi babakere ba bisa doka ba. A shekarar 2021 kaɗai ya biya dala biliyan 26.3 domin ya zama injin da mutum zai tarar a saite a wayarsa da burauzarsa. Babu shawarar ƙwararru talatin da za ta ture wannan.

Yadda ake neman shawarar ma ya sauya. Maimakon a tara mutane kaɗan a ɗaki, sai a buɗe wa dubbai ƙofar gwaji a riƙa auna abin da suke dannawa. A Fabrairun 2023, a Redmond ɗin dai, Microsoft ya nuna sabon Bing mai hira da mutane, wanda aka gina a kan ƙirƙirarriyar basira ta kamfanin OpenAI. Cikin 'yan kwanaki masu gwaji suka wallafa hirarraki inda manhajar ke rikicewa, har ta gaya wa wani ɗan jaridar New York Times cewa tana son sa ya rabu da matarsa. Kamfanin ya taƙaita hira zuwa tambaya biyar a zama ɗaya, hamsin a rana. Gyaran ya zo da sauri haka ne saboda babu takardar riƙe sirri da ta hana su magana.

Abin da ya fi damuna shi ne inda marubuta masu zaman kansu suka koma. A Satumban 2023 Google ya yi wani sauyi a tsarin jera sakamako da ya ce don fifita rubutu mai amfani ne, sai ƙananan shafuka da yawa na masu sharhin tafiye-tafiye da gwajin kayayyaki suka rasa mafi yawan maziyartansu. A Mayun 2024 ya fara ɗora amsar ƙirƙirarriyar basira a saman sakamako a Amurka, amsar da aka tatso daga rubutun mutane, wadda ke rage buƙatar shiga shafinsu. A ƙarshen Oktoban 2024, shekara 20 cif bayan zaman farko na Redmond, Google ya gayyaci kimanin mutum 20 daga cikin masu irin waɗannan shafuka zuwa hedikwatarsa da ke Mountain View a jihar Kalifoniya. Cikin waɗanda suka tarbe su akwai Danny Sullivan, wanda ya kafa shafin Search Engine Watch a 1997 yana bibiyar injinan bincike daga waje, kafin ya koma aiki da Google a 2017. Waɗanda aka kira a 2004 an kira su ne don ana buƙatar idonsu da mahaɗansu. Na 2024 sun je ne da alƙaluman asararsu a hannu, suna tambayar yadda za su dawo da abincinsu. Da suka koma gida, da dama daga cikinsu sun rubuta cewa an saurare su, an ɗauki bayanansu, amma ba a yi musu alƙawarin cewa maziyartan za su dawo ba.